Zango-zango aka kai Makka

Duk lokacin da wani abokin aiki ya ce mini yana son ƙaro karatu amma albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma aji da hidimar gida sun cinye masa yini, sai in tuna da kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙafa, kafin jirgin sama ya zama ruwan dare.

Daga Damagaram zuwa gaɓar Bahar Maliya, tafiyar ta haura kilomita 3000. Talaka ba ya da guzurin da zai kai shi can, kuma da ya ce sai ya tara shi duka, da ya tsufa a gida. Sai ya raba hanyar zango-zango. Ya bi ta Barno, ya tsallaka Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya wuce Abeshe, ya ratsa Darfur har ya kai Ubayyid, inda ake samun jirgin ƙasa. Inda guzuri ya ƙare, nan yake sauke kaya. Wanzami ya zaro askarsa, maɗinki ya ɗauki allura, malami ya tara yara da alluna, mai ƙarfi ya yi ƙodago a gonar wani. In ɗan abu ya taru, sai a ƙara gaba.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a Sudan, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Mutanenmu da yawa sun yi tsinkar auduga a nan, suka haɗa kuɗin jirgin ruwa daga Suwakin zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, har yaron da aka goya daga gida ya dawo da wayonsa.

Sai dai ba kowa ne ya isa ba. Cuta da ƙishirwa sun ɗauke wasu a hanya. Wasu kuma zango ya yi musu daɗi: aka yi gona, aka yi aure, kowace shekara ana cewa sai baɗi. Jikokinsu suna Sudan har yau, a garuruwa irin su Maiwurno, kusa da Sennar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Malamin da ya shiga adashi don kuɗin jarrabawa, ko uwar da ta ware sa'a guda bayan isha'i tana koyon karatu, hanyar waɗancan matafiya suka bi. Abin tsoro shi ne kwasar adashin ta zo, wata hidima ta cinye ta, a ce sai baɗi. Shi ya sa nake roƙon iyaye da malamai, idan yaro ya faɗa mana burinsa, mu zauna da shi mu yanka masa zangon farko, mu kuma sa ranar da zai tashi daga wurin.