Faɗaɗa Ayyukan Hukumar NIMASA: Nazari kan Tsaron Jiragen Ruwa da Yaƙi da Gurɓatar Teku a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda aka ƙara wa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa da Kiyaye Lafiyarsu, wato NIMASA, nauyin tsaro da na kare muhallin teku. An dogara ga dokokin da suka shafi hukumar da kuma malalar man Bonga. Binciken ya nuna cewa ɓangaren tsaro ya samu doka da kayan aiki, na muhalli kuwa yana fama da rarrabuwar iko.

Gabatarwa

Dokar NIMASA ta 2007 ta ɗora wa hukumar rajistar jirage, kula da ma'aikatan ruwa, ceto a teku, tsaro, da hana gurɓata ruwa bisa yarjejeniyar MARPOL. Lamarin bai tsaya a bakin teku ba: duk ƙarin kuɗin inshora da aka ɗora wa jirgin da zai sauke kaya a Apapa, ɗan kasuwar Kantin Kwari ma yana jin sa a farashi.

Tsaro: Doka da Kayan Aiki

A 2020, daga cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka sace su. Kafin nan Nijeriya ta riga ta kafa dokar hukunta fashin teku ta SPOMO a 2019, wadda a ƙarƙashinta wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 a 2021 saboda ƙwace wani jirgin kamun kifi na Sin. A watan Yunin 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195, mai jiragen sintiri na ruwa da na sama da cibiyar sa ido. Hare-hare sun ragu ƙwarai. Sai dai jingina nasarar ga NIMASA kaɗai zai zama son kai, domin sojan ruwa ne ke riƙe da makami, kuma Yarjejeniyar Yawunde ta 2013 ta buɗe ƙofar musayar bayanai tsakanin ƙasashen yankin.

Gurɓatar Teku: Iko a Hannu Biyu

A nan gizo ke saƙar. Tun 2006 aka kafa hukumar NOSDRA a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli domin gano malalar mai da jagorantar share ta. NIMASA kuma tana da hurumi kan duk gurɓatar da ta fito daga jirgi. A takarda iyakar a bayyane take. A teku ba haka ba ne.

A watan Disambar 2011, kimanin ganga 40,000 ta malala a rijiyar Bonga ta kamfanin Shell, wajen kilomita 120 daga gaɓa, ana tsaka da ɗura mai daga ma'ajiya mai shawagi zuwa tankar dakon mai. To, wannan ma'ajiyar jirgi ce ko masana'antar mai? Kowace hukuma tana da hujjar cewa aikinta ne. NOSDRA ta ci kamfanin tarar dala biliyan 3.6, NIMASA ma ta fito da tata buƙatar diyya, batun kuma ya shekara da shekaru a kotuna, masunta na jira. Mai kuwa, da zarar ya zuba, iska da igiyar ruwa ke yaɗa shi cikin sa'o'i. Ba ya jiran a tantance wanda zai ba da umarni.

Abin lura shi ne jiragen saman Deep Blue da ke farautar 'yan fashi za su iya hango tabon mai a kan ruwa, da tankar da ke wanke cikinta a ɓoye. Ƙara wa NIMASA aiki ba tare da warware wannan rikicin hurumi ba, zai ƙara cunkoso ne kawai.

Don haka ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara dokokin hukumomin biyu a tare, ta ayyana wadda za ta jagoranci aiki a sa'o'in farko na malalar mai a teku, ta kuma wajabta wa NIMASA miƙa wa NOSDRA bayanan sintirinta nan take.