Fina-finan Gidan Sarauta: Ma'aunin Masu Kallo a Birnin Kano

Fim ɗin gidan sarauta shi ne wanda aka gina labarinsa a kan fada: neman gadon mulki, kishi tsakanin 'ya'yan sarki, da tsaka-mai-wuyar wanda aka ce ya zaɓa tsakanin karaga da zumunta. A tsohon birnin Kano, musamman a Kasuwar Kurmi, ba a karɓar irin wannan labari a matsayin nishaɗi kaɗai, domin fadar da ake kwaikwayo tana nan kusa, kuma jama'a sun san ta.

Fitattun misalai

Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito wajajen shekarar 2000, yana cikin waɗanda suka fara ɗaga darajar wannan salo. Ali Nuhu ne ya fito a matsayin yarima, Fati Mohammed kuma Zubaina, mai hidima a fada. A 'yan shekarun nan an samu shiri mai dogon zango, Gidan Sarauta, na Abubakar Bashir Maishadda, wanda Umar M. Shareef da Momee Gombe suka ja ragamarsa.

Ma'auni na farko: al'ada

Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ne ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ne kuma ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Gare shi ake jingina kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Har gobe a Kurmi ake sayen rawani da alkyabba da kayan doki. Wanda ya tashi cikin wannan sana'a ya san cewa rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne, ya san shigar dogarai da yadda ake faɗuwa gaisuwa. Kuskure kaɗan a nan yakan zubar da ƙimar fim a idonsa, komai daɗin labarin.

Ma'auni na biyu: tarihi

Rikicin 'yan'uwa a kan mulki ba baƙo ba ne a Kano. Bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, an naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi mubaya'a. Yaƙin Basasa ya kai Aliyu Babba ga karaga, aka kashe Tukur a 1895, alhali dukansu jikokin Ibrahim Dabo ne.

A ranar 9 ga Maris, 2020, gwamnatin Ganduje ta tuɓe Muhammadu Sanusi II ta naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar da Sanusi, lamarin ya kai ga kotu. Su ma zuriyar Sarki Abdullahi Bayero ne. Shi ya sa mai kallo kan fassara makircin da ya gani a fim da abin da ya shaida da idonsa.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu yabo suna ganin fina-finan na adana al'ada, suna kuma jan kunne a kan son mulki. Masu suka na cewa tona asirin cikin gida zubar da kwarjinin masarauta ne, kuma soyayya takan danne zancen adalci ga talakawa.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ma tana da ta cewa. A watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Gidan Sarauta, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta tantance ba kafin a sake su.