Tashar Baro, Wadda Kogi Ya Haifa, Gada Ta Kashe

Wanda duk ya ga Baro a yau, wani ƙauye na ƙasar Nufe da ke zaune a gindin tsauni, bakin kogin Kwara, da wuya ya gaskata cewa daga nan ne dogon da ya isa Birnin Kano ya samo asali. Dalilin kuwa shi ne, sa'ad da aka naɗa Sir Percy Girouard ya riƙi mulkin Arewa a 1907, shi kuwa masanin aikin dogo ne wanda ya riga ya shimfiɗa wa rundunar Kitchener hanyar jirgi a saharar Sudan, sai ra'ayin hukuma ya tsaya a kan Arewa ta sami ƙofarta ta kanta zuwa teku, ba sai ta ratsa ta Ikko ba. Baro kuwa wuri ne da manyan jiragen ruwa ke iya kaiwa idan kogi ya cika.

Ta ruwa aka yi ta hauro da ƙarafa ana jibgewa a gaɓa, sarakuna kuma aka ɗora musu tara ma'aikata, waɗanda, in za a faɗi gaskiya, da yawansu ba da ikhtiyarinsu suka bar gonakinsu suka ɗauki diga da kwandon ƙasa ba. Haka hanya ta bi ta Kaca da Badegi, ta Minna da Zariya, har ta kai Kano a 1911, tafiyar mil 356. Auduga Turawa suka yi buri, amma Allah cikin hikimarsa sai manoman Kano suka cika taragu da gyaɗa.

Sai dai ajalin tashar yana tattare da haihuwarta, domin kogin da aka dogara gare shi 'yan watanni kaɗan yake ɗaukar babban jirgi, in rani ya yi sai yashi ya tare hanya. Dogon Ikko ya haɗu da na Baro a Minna, aka gama su ƙarƙashin hukuma guda a 1912. Da aka kammala gadar Jebba a 1916, sai hajja da fatake suka miƙe Ikko kai tsaye, uwa ta koma reshe. Sannu a hankali zirga-zirga ta ja baya, motoci suka ƙwace abin da ya saura, har jiniya ta ɗauke ɗungurungum, ciyawa ta rufe ƙarafa, tsatsa ta ci kwanon rufi. A 2019 an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a garin, alhali dogon da zai kwashe kayanta yana nan kwance cikin ciyayi.