Tarihin Talabijin Mai Ƙeya, Da Yadda Na Tayar Da Ta Gidanmu

 

Da yawanku za ku tuna ranakun fita gari, yadda muke sulalewa zuwa wani shago a bayan kasuwar Jega, inda ake biyan 'yan kwabbai a buga gem. Ni da na fito daga Sarandosa, a nan na fara ganin mutum yana juya abin da ke cikin talabijin da hannunsa. A shekarar 1991, da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, a gaban akwatin shagon nan muka yi cincirindo muna jin labari.

Asalin kwalbar da ke cikin akwatin ya girmi kakanninmu. Wani Bajamushe, Ferdinand Braun, shi ya ƙera ta a 1897. An zuƙe iskar cikinta, a can ƙeyarta kuma akwai wani abu da ke harbo ƙwayoyin lantarki, maganaɗisu yana karkata su suna zana layi bayan layi a fuskar gilashi, da saurin da ido ba ya kamawa. Tashar talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasa ƙarƙashin NTA a 1977. Mu dai ta Sakkwato muke kamowa, da eriya a kan doguwar gora, wani yana juyawa a waje wani yana ihun "ya yi, ya yi!" daga ɗaki. In NEPA ta ɗauke wuta, masu ƙaramar baƙi-da-fari su jona batirin mota.

Su kuwa wasannin, yawancinsu daga Japan suka zo: Space Invaders a 1978, Pac-Man a 1980, Street Fighter II a 1991. Mu abin da ya iso mana kwaikwayon na'urar Nintendo ne mai kaset, da bindigar roba ta harbin agwagi.

Ga wani abu da ban sani ba sai da na girma. Nijeriya tsarin PAL take bi, layi 625, fuska tana sabuntawa sau 50 a daƙiƙa. Japan da Amurka kuwa a lokacin NTSC suke bi, layi 525, sau 60. Saboda haka wasanni da yawa da aka juyo wa tsarinmu sun rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ashe duk wanda ya yi mana kurin gwaninta a shagon nan, a kan wasan da aka rage wa sauri ya yi shi.

Bara ɗana ya sa tsofaffin wasannin nan a wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, da manhajar MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara fitarwa a 1997 don adana wasannin da injinansu ke mutuwa. Da muka jona a talabijin ta bango, sai hoton ya fito dabbare-dabbare kamar an jera bulo. Masu zanen wasannin kwalba suka yi wa aiki, layi 224 ko 240 kacal, hasken gilashin ne yake haɗe launukan su yi laushi.

Sai na tuna da Sharp ɗin marigayi mahaifina da ke sito. Na zagaya Jega da Maiyama, duk masu gyara sun koma waya da sola. Da ƙyar aka kwatanta mini wani dattijo a Aliero, wanda ya bar sana'ar ya koma noman albasa.

Kafin ya taɓa komai sai da ya sauke wutar da ke maƙale a kwalbar. Ya ce, "Ɗana, mai launi tana aiki da wajen bolt 25,000, kuma tana riƙe saura ko an zare ta daga soket." Don Allah kada wanda ya karanta wannan ya buɗe bayan tasa. Ya canza kafasito uku da suka kumbura. Da hoton ya riƙa birgima ba launi, ya ce mu mayar da kwamfutar kan PAL, nan take ya tsaya. Ya ɗan murɗa maɓallin tsaida hoto, da na kaifi da na haske da ke jikin taransifomar ciki, yana duban madubin da ya jingina a gaban akwatin. Wani tabo shuɗi a kusurwa kuwa, lasifikar da aka ajiye kusa ce ta jawo shi. Muka janye ta, muka kashe akwatin ya huce, da aka kunna tabon ya tafi.

Na tambaye shi ko yana da almajiri, ya ce na ƙarshe ya koma acaba. Kamfanin Sony ya daina ƙera Trinitron tun 2008, waɗanda suka rage kuma 'yan gwangwan na farfasa su don jan ƙarfen ciki, su watsar da gilashin, alhali akwai dalma a jikinsa.

Dattijon ya yarda zai zo taronmu na bana ya buɗe akwati ɗaya a gaban ɗaliban kimiyya. Wanda yake da mai ƙeya a sito ya sanar da sakataren ƙungiya kafin ranar, ko ta mutu muna so, don kayan gyara. Kuɗin motar dattijon daga Aliero ni zan biya.