Gyaɗa, Bashi da Farashi a Fagge da Sabon Gari: Waiwaye kan Binciken Hogendorn

A shekarar 1966 wani matashin masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Jan Hogendorn, ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Landan kan asalin cinikin gyaɗa a Arewacin Nijeriya. A 1978 Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fitar da aikin a matsayin littafi. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: me ya sa manoman Kano suka rungumi gyaɗa, alhali Turawa sun shimfiɗo layin dogo ne da kwaɗayin auduga?

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Masu masaƙun Ingila sun ɗauka cewa da zarar jirgi ya fara zirga-zirga audugar Kano za ta kwarara zuwa gare su. Abin da ba su lissafa ba shi ne, audugar tana da masu sayenta a gida. Masaƙa da marinan Kano suna biyan farashin da ya fi na Bature, don haka manomi bai ga dalilin kai kayansa inda za a taya masa da araha ba. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai suka gano hanyar daskarar da man tsirrai, buƙatar gyaɗa ta tashi, farashinta ya bi ta. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000.

Hujjar Hogendorn ita ce manomin Kano lissafi ya yi. Gyaɗa tana son ƙasa mai yashi irin ta kewayen birni, ana shuka ta tare da hatsi, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta, abin da ba a yi da auduga. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta nuna nauyin wannan dalili na ƙarshe. Da wannan ya ƙalubalanci masu cewa ƙasa da ƙwadago a zube suke a Afirka har sai da kasuwar Turai ta zo ta tashe su. Gonakin kewayen Kano sun daɗe a cike, duk kunyar da aka ba gyaɗa wani amfanin aka rage wa.

Wajen ganuwa aka ƙulla wannan ciniki. Fagge, tsohon zangon ayarin raƙuma, ta wayi gari kusa da tasha da kantunan kamfanoni, daga baya Kwarori suka kafa shagunansu a gefenta. Sabon Gari kuwa an yanka ta a wajajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan dogo da na kamfanoni da suka zo daga kudu, mutanen da ke rayuwa kan albashin da ake biya da sulalla. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 tana sakin waɗannan sulalla, wuri yana ja da baya, haraji kuma yana ƙara tura manomi neman kuɗin Bature.

Sai dai Bature bai san hanyar ƙauye ba, manomi ma bai san shi ba. Waɗanda suka haɗa su su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙan su. Kamfani ya ba attajiri kuɗi tun kafin kaka, shi ya raba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauyuka. Amanar da aka gina a hanyar Gwanja ita ta yi aikin da banki ke yi a wasu ƙasashe. Ruwayar da ta shahara cewa a 1929 Ɗantata ya kai lodin raƙumi ashirin na azurfa bankin Turawa tana nuna cewa dukiyar ta riga hulɗa da bankin taruwa.

A nan ne, a ganina, binciken ya tsaya inda ɗalibin fiƙihu zai so ya zarce. Hogendorn ya kira kuɗin nan bashi kawai. Amma wane irin ƙulli ne? Abin da ke tsakanin kamfani da attajiri ya fi kama da wakilci, ko ƙirali. Wanda ke tsakanin yaron attajiri da manomi, idan kuɗi aka bayar yau don a karɓi gyaɗa da kaka, salam ne. Malikiyya sun shardanta masa a biya kuɗin nan take ko cikin kwana uku, a siffanta kayan da ma'auninsu, kada a ɗaure su ga wata gona ayyananniya, a kuma sa ajali mafi ƙaranci kamar kwana goma sha biyar, domin a irin wannan tsawo ne kasuwa ke juyawa. Wato fuƙaha'u sun gina hukuncin a kan hawa da saukar farashi, abin da masanin tattalin arziki ke aunawa. Sunan ƙullin shi ke fayyace wanda zai ɗauki asara. A salam mai saye ne ke ɗaukarta in farashi ya karye. A bashi zalla manomi ne, domin sai ya ƙara buhuna kafin ya haɗa kuɗin.

Bambancin ya yi nauyi bayan 1929, shekarar da manyan kamfanoni suka haɗe suka zama UAC, kasuwar duniya kuma ta durƙushe, farashin gyaɗa ya faɗi alhali haraji na nan a wuyan manomi. Binciken Hogendorn ya fi ƙarfi a shekarun farko, kuma madogararsa takardun kamfanoni ne da na gwamnati da hira da dattawa. Akwai wata taskar da mai Larabci ya fi kowa damar shiga: rajistar shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓu daga cikinsu a 1994. An rubuta su ne a shekarun da gyaɗa ta tashi yunwa kuma ta sauka, don haka da su ya dace a fara neman sunan da alƙalan Kano suke ba ƙulle-ƙullen bashi na wancan zamani.