A Gidan Wa Ka Sauka? Tarihin Zango Da Masaukin Fatake

 Tun da bikin cikar shekarun ƙungiyarmu ya sake zagayowa, ya dace mu ɗan waiwayi baya. Na zaɓi abin da kowannenmu yake yi a duk tafiya, amma ba kasafai ake zama a yi maganarsa ba, wato inda ɗan kasuwa yake sauka in ya shiga babban birni. Yau yaro yakan duba waya tun yana cikin mota, ya ga otal mai araha, ya ce wa ɗan acaɓa ya kai shi can. A zamanin iyayenmu kuwa, in falke ya dawo daga Kurmi, tambayar farko da ake yi masa ita ce, "A gidan wa ka sauka?" Daga amsarsa ake gane ko dukiyarsa ta kwana lafiya.

Asalin kalmar zango daga hanya take. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi daga Kano da sauran biranen ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro. Sukan tsallake Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta garuruwa irin su Jugu da Sansanne Mango da Yandi kafin su isa Salaga. Tafiyar watanni ce, da jakuna da 'yan dako. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, kuma duk inda aka sauke kaya aka kwana, nan ne zango. Madugu ba ya tsayar da ayari sai ya tabbatar akwai ruwa, akwai kiwon dabbobi, an kuma daidaita da sarkin wurin a kan abin da za a biya. Kuskuren zango ɗaya yakan cinye ribar shekara.

Da tafiya ta yi tafiya, wasu fataken suka zauna a waɗannan wurare, suka yi aure, suka gina masallaci, zango ya zama unguwa. Ko a gida haka abin yake. Fage ta Kano a bayan ganuwa take, nan ayarin da suka fito daga arewa suke sauka. A Damagaram har yau akwai Birni, akwai Zango, kuma Zangon nan masaukin ayarin raƙuman Buzaye ne tun asali.

Wanda ya riƙe wannan tsari shi ne maigida, wanda wasu ke kira fatoma. A Salaga, inda Asantawa ke kawo goro su haɗu da mutanen arewa masu kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, da bayi ma a wancan zamani, falke bai jin yaren mai goro, bai san farashin ranar ba, bai san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa ba. Maigida ne yake ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, in rigima ta taso ya tsaya masa gaban sarki. Galibi ba a kuɗin ɗaki yake cin abinci ba, abincinsa yana cikin la'adar ciniki. Saboda haka ribar baƙo ribarsa ce, kuma in baƙo ya koma gida yana kuka, badi ba zai ga mutanen garinsu ba.

Salaga ba ta dawwama ba. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan kasuwannin arewa ya yi rauni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa garin. 'Yan kasuwa da malamai suka bazu, da yawa suka koma Kete-Krachi, cikinsu har da mashahurin malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna can har rasuwarsa a 1934. Gari ya watse, amma ciniki bai mutu ba, domin baƙi sun bi masu masaukinsu zuwa inda suka koma.

Daga nan jirgin ƙasa da na ruwa suka canza taswira. Dogo ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin Gwanja, yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Sababbin zangogi suka tashi kusa da tasha da bakin teku da kasuwa: zangon Kumasi, Sabon Zango na Ankara babban birnin Gana wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, Agege a Ikko, Briketeri a Yawunde, da unguwar Hausawa ta New-Bell a Duwala.

Misalin da aka fi rubuta tarihinsa shi ne Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna can a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya bayyana, manyanmu sun san shi. Mai shanu ya zo daga arewa, mahautan gari kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Dole a ba su bashi, alhali baƙo bai san su ba. Maigida shi ya san kowane mahauci, shi yake cewa a ba wane, kada a ba wane. In mahauci ya gaza biya, nauyin yana wuyan maigida. Dukiya mai yawa ta riƙa yawo tsakanin arewa da kudu ba takardar banki, sai maganar mutum ɗaya da ke tsoron sunansa ya ɓaci.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya fiye da kima. An sami masu masauki da suka ci amana, an sami dillalan da ke faɗa wa mai kaya farashi ɗaya su faɗa wa mai saye wani. Zangogi da yawa sun yi fama da cunkoso da ƙarancin ruwa da rashin magudana, kuma duk lokacin da rikicin ƙabilanci ya tashi, kowa ya san inda baƙi suke taruwa. Sai dai tsarin yana da nasa hukunci. Labarin maci amana yakan riga shi isa arewa, kuma gidan da baƙi suka ƙaurace wa ya mutu.

Manyan jarrabawa sun zo bayan 'yancin kai. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya. Wanda aka ba kwanaki kaɗan ya tattara, dole ya bar shago ko kaya ko bashi a hannun wani, kuma a irin wannan rana ake sanin wanda ya zaɓi mutumin kirki. A Lome kuwa, a 1977 hukuma ta tashi tsohon zangon da ke tsakiyar gari, aka mai da mutanensa can arewacin birnin. Gidaje sun rushe, amma kamar yadda ya faru a Salaga, baƙi suka bi mutanensu zuwa sabon wuri.

Yau abubuwa sun sauƙaƙa. Ana aika kuɗi ta waya, ana ganin kaya a hoto kafin a tashi daga Maraɗi ko Garwa. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya kwana a otal in yana da hali, wasu lokutan ma ya fi masa hutu. Amma otal ba ya sanin wanda zai ba ka bashi ko wanda za ka ba. In 'yan sanda suka tsare ka da dare, ko duwan suka riƙe mota, ko ciwo ya kama ka, mai karɓar baƙi a otal ba zai bar kujerarsa ba. Sau nawa muka ji ɗan uwa ya sauka a unguwa mai nisa don ɗaki ya fi sauƙi, ya ƙare da kashe ribar a kuɗin mota, ko ya yi yawo da kuɗi a jiki ta inda ba wanda ya san shi? Araha ba ta ado.

Abin da madugu ke dubawa shi ne har yanzu ya kamata mu duba, sunaye kawai suka canza. Nisan masauki daga kasuwar da ka zo dominta da tashar da kayanka za su tashi. Sito mai tsaro. Masallaci da abincin da hankalinka ya kwanta da shi. Sama da duka, mutumin da zai ce, "Wannan baƙona ne." Ko a otal ka sauka, ka je ka gai da sarkin zango ko shugaban 'yan kasuwarmu na garin tun ranar farko, kafin buƙata ta kai ka. Da ɗan gari akan ci gari.

Shawarata ga shugabanni a wannan biki ita ce, ƙungiya ta tattara sunayen amintattun masu masauki a kowane birni da muke zuwa, ta bakin dattawan da suka daɗe suna hulɗa da su, tun suna raye. Duk yaron da zai yi tafiyarsa ta farko a haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, a kira a ce ga ɗanmu nan tafe. Mu ma da muke zaune a garuruwan kan iyaka, mu tuna cewa masu masauki ne ga wasu, kuma yadda muka riƙe baƙonsu haka za su riƙe namu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, Ya tsare matafiyanmu, Ya sa mu ga na badi lafiya. Amin.