NewPipe

NewPipe manhaja ce ta wayoyin Android, wadda aka fara fitarwa a shekarar 2015, domin mutum ya kalli bidiyon YouTube, ko ya saurari SoundCloud da Bandcamp, ba tare da talla ta katse shi ba, ba kuma tare da ya buɗe asusun Google ba. Tana ɗebo bayanan bidiyo kai tsaye daga shafin YouTube, kuma akasari daga rumbun F-Droid ake samunta.

Ana rarraba ta bisa lasisin GPL bugu na 3, wanda ya tabbatar da haƙƙoƙi huɗu da Richard Stallman ya shimfiɗa, wato amfani da manhaja, da nazarin rubutun umarninta tare da gyara shi, da kwafa wa jama'a, da yaɗa abin da aka gyara. Saboda haka ijma'in masana ne cewa 'yantacciya ce. Amma an yi saɓani game da takwararta Grayjay ta kamfanin FUTO, wadda ko da yake rubutunta a bayyane yake, lasisinta ya taƙaita yin kasuwanci da ita, alhali sharaɗin 'yanci shi ne kada a ɗora irin wannan ƙaidi.